Awa Biyu a Wata

Duk faɗin ƙauyenmu, tun daga gangaren kogin Tsomo har zuwa bayan makaranta, babu macen da ake shakka kamar MaMpinga. Sunan da dangin miji suka raɗa mata Nowinile, amma ban san wanda ya isa ya kira shi ba. Da sunan zuriyarta ake kiranta, shi ma sai an sassauta murya. Kuma a gaskiya ba a banza take ɗaga kai ba. Mijinta ya mutu a ramin haƙar zinariya ya bar ta da ɗa guda da tumaki bakwai. Ta tsaya da ƙafarta har bakwai suka zama sittin da ɗoriya, ta gina ɗakuna uku masu jinka da wani dogo mai rufin kwano, ta kai yaron har kwaleji. Ita ce shugabar matan coci masu taron Alhamis. In ta sa jar rigarta da farar hula ta hau titi, direban motar haya ma rage gudu yake yi. Mu kanmu in mun je wani gari da ita muke taƙama.

Aibinta ɗaya ne, amma babba. Tunda take, MaMpinga ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta yi kuskure ba. In ta taka maka ƙafa, tambayarka za ta yi me ƙafarka take nema a wurin. Mutum ɗaya ce take iya faɗa mata gaskiya ta kwana lafiya, wato Nontsasa, ƙanwar marigayi mijinta, wata tsohuwa mai dogon lofe da bakin tsokana, wadda gidanta ke ƙasa da nata kaɗan.

Ɗan nata, Bulelani, ya sami aiki a birnin East London, tafiyar awa uku daga ƙauyenmu. Ya auri wata malamar firamare mai suna Zintle, suka kama gida a unguwar Mdantsane. Suka haifi mace, Liyema, bayan shekara shida suka sami namiji, Anga. Duk Disamba sai su cika mota su taho ƙauye, kuma wanda bai ga MaMpinga a cikin jikokin nan ba bai san tana da haƙora ba. Za ta zaunar da Liyema a gabanta tana koya mata zuba duwatsun ado a zare, ta goya Anga ta shiga garke da shi tana gaya masa sunan kowace tunkiya. Son da take yi musu na gaskiya ne, wannan kam ko maƙiyinta ba zai musa ba.

Wata Lahadi cikin Yuni, lokacin da sanyi ke tsananta a ƙasarmu, Bulelani yana komawa birni daga ganin uwarsa, wata babbar mota ta bar hannunta ta same shi. A wurin ya cika. Liyema tana da shekara takwas, Anga biyu.

Da aka binne shi a bayan garke, matan dangi suka sa wa Zintle kayan takaba, baƙi tun daga ɗankwali har ƙasa, MaMpinga kuma ta yanka mata shekara guda. Mai kayan nan ba ta gaisawa da hannu, ba ta ɗaga murya, rana ba ta faɗuwa tana waje. In ta shiga motar haya kujerar ƙarshe ce tata, don ba mai yarda ya zauna a bayan mai takaba. Kuma hannun da ya sa kayan shi ke cire su. Sai dangin miji sun yanka tunkiya, sun kai ta rafi sun wanke ta, sun ƙone baƙin sun ba ta sababbi, sannan ta koma mutum kamar kowa.

Zintle ta yi shekarar nan ba tare da an ce ga laifinta ba. Yara arba'in ne a ajinta, kuma duk wanda ya san 'yan aji uku ya san ba a riƙe su da raɗa, amma ta riƙe su. 'Yar ƙararrawa ta saya ta ajiye a kan teburi.

Da Yuni ya zagayo ta zo ƙauye, ta zauna a kan tabarma a bayan ƙofa, wurin zaman surukai. MaMpinga tana tsintar wake a faifai, Nontsasa kuma tana gefe tana cusa taba a lofenta.

Zintle ta ce, “Mama, shekara ta cika. Na zo in ji ranar da kuka sa.”

MaMpinga ba ta ɗago ba, ta ce, “Rana tana nan, makoti, matar ɗana. Tunkiyar ma ga ta can na ware. Sai dai akwai magana. Gidan nan ba namiji. Anga zai dawo nan ya tashi a garken ubansa. Ranar da kika kawo shi da jakar kayansa, ranar za a cire miki baƙin nan.”

“Mama, shekararsa uku fa. Har yanzu in ya farka ni yake lalube.”

“Ni ma na raini ɗan shekara uku, ni kaɗai, kuma bai mutu ba sai da ya koma birninku.”

Nontsasa ta cire lofe daga baki ta ce, “Haba Sisi, yayata! Wannan kuma al'adar wane gari ce? Yaushe aka fara musayar takaba da yaro? Ko a kasuwar Cofimvaba ban ga ana irin wannan ciniki ba.”

“Ke da bakinki mai warin taba, wa ya sa da ke?”

“Yayana da ke kwance a kabari ne ya sa da ni. A gidan nan aka haife ni, ke kuwa shanun sadaki aka kora aka kawo ki.”

MaMpinga ta yi mata kunnen uwar shegu. Zintle ta ce a hankali, kanta a sunkuye, “Ba zan iya ba da ɗana ba, Mama.”

“To shi ke nan. Dama baƙin ya karɓe ki.”

Haka Zintle ta shiga shekara ta biyu da baƙaƙen kaya. A Mdantsane aka fara ƙus-ƙus, don kowa ya san ba a riƙe mace a takaba fiye da ƙa'ida sai in dangin miji suna zarginta da wani abu. Wasu suka ce da hannunta a mutuwar. Liyema tana ji, tana kuma gani. In sun shiga motar haya, ko an ce ga wuri a gaba ba ta zama, sai ta bi uwarta can ƙarshe ta matse kusa da ita.

Mahaifin Zintle, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya aiko dattawa sau biyu a sasanta. Duka biyun MaMpinga ta bar su a bakin garke ko shayi ba a kai musu ba. Da sanyi ya sake zagayowa sai ya yanka tasa tunkiyar. Nontsasa kuwa ta ɗaura mayafinta ta hau mota ta tafi can, ta ce hannunta ma hannun dangin miji ne. Ita ta kai Zintle rafi, ita ta ƙyasta ashanar da aka ƙone baƙin. Da labari ya iso, MaMpinga ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwar Nontsasa.

Duk da haka, da Disamba ta zo Zintle ta kawo yaran kamar kullum, sanye da shuɗiyar riga. Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga coci, mata suka cika tsakar gidan MaMpinga. Liyema ta fito da faranti cike da kofunan shayi. A lokacin ne MaMpinga ta nuna Zintle da haɓa, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

“Ku dube ta da kyau. A gidan ubanta ta je ta tuɓe takabar ɗana, don akwai wani namiji da ya gaji da jira a birni. Liyema, buɗe idonki, kada ki ɗauko halin uwarki.”

Babu wani namiji, kuma ita kanta MaMpinga ta san babu. Haushi ne kawai ya nemi hanyar fita. Liyema ta ajiye farantin a ƙasa, ta kama hannun ƙaninta, ta je ta tsaya a jikin uwarta. Zintle ta miƙe. Ta shiga ta haɗa kayansu, suka bi motar la'asar.

Ista ta zo ba su zo ba. Hutun sanyi ya zo ba su zo ba. In MaMpinga ta sa aka buga waya, sai ta yi ta ƙara har ta tsinke. Kewar yaran nan ta ci ta har jar rigarta ta yi mata yawa. In motar birni ta kusa isowa sai ka gan ta a bakin titi, wai tunkiya ce ta ɓace mata.

Wata rana Nontsasa ta same ta a can ta ce, “Wannan tunkiyar taki kullum a bakin titi take ɓacewa, kuma kullum ƙarfe huɗu. Sisi, hau motar nan ki je ki ce kin yi kuskure. Na taɓa faɗa, ga harshena nan bai ƙone ba.”

“In ba surukata haƙuri? Sai dai bayan raina.”

Ana nan sai wata daga cikin matan Alhamis, wadda 'yarta ke aiki a kotu, ta gaya mata cewa kaka tana iya kai kuka kotun yara a ba ta izinin ganin jikokinta. Nan take idon MaMpinga ya yi haske. Ashe akwai ƙofar da za a shiga ba sai an sunkuya ba! Sati bai cika ba ta goge jar rigarta, ta hau mota zuwa Mdantsane, aka cike mata takardu ta sa hannu.

Kotu ta ɗora maganar a hannun wata jami'ar kula da yara, Misis Dyani, mace mai sanyin magana. Ta zo ƙauye ta ga gidan, ta je gidan Zintle, ta zauna da yaran su kaɗai. Daga nan ta haɗa matan biyu a ofishinta.

Ta dubi MaMpinga, ta kira ta da sunan da ake kiran kaka, ta ce, “Makhulu, bari in fayyace miki tun yanzu. Doka ba ta ce don kina kaka dole a ba ki yara ba. Dama ta ba ki ki nema, alƙali kuma ya duba abin da ya fi zama alheri ga yaran. Har ta bakinsu yana ji. Shi ya sa muka fi so a daidaita a nan.”

Zintle ta gyara zama ta ce, “Mama, ni ban so muka kai ga nan ba. Gidana gidan ɗanki ne. Akwai ɗaki, ki zo duk ranar da kika ga dama, ki yi sati, ki yi wata. Disamba in kawo miki su kamar da. Abu ɗaya nake roƙo. Maganar da kika faɗa a gaban Liyema, ki janye ta a gaban Liyema. Ban ce a gaban matan coci ba, ita kaɗai. Yarinyar nan sai da ta yi wata uku tana tambayata ko gaskiya ne.”

Misis Dyani ta ajiye biro ta ce, “Makhulu, shekarata goma sha tara a aikin nan. Babu alƙalin da zai ba ki rabin abin da aka miƙo miki yanzu. Ki karɓa.”

Zuciyar MaMpinga ta so ta karɓa, wannan gaskiya ne. Har ta hango kanta a ɗakin, Anga yana barci a jikinta. Amma sai ta dubi Zintle, yarinyar da ita ta nuna wa inda ake ɗebo ruwa a ƙauye, ta ji wuyanta ya sandare.

“Ni? In durƙusa mata a gaban 'yar cikinta? Ba roƙo na zo ba, 'yar nan. Haƙƙina na zo karɓa, a rubuce, da hatimi.”

Aka shiga gaban alƙali. Ya ga cewa yaran sun san kakarsu kuma sun taɓa shaƙuwa da ita, ya kuma karanta abin da Liyema ta gaya wa Misis Dyani. Ya yanke cewa MaMpinga za ta riƙa ganin jikokinta ranar Asabar ta farkon kowane wata, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, a cibiyar kula da yara, ƙarƙashin sa idon Misis Dyani, bisa sharaɗin ba za ta aibata uwarsu ba. Bayan shekara a sake duba lamarin.

Wanda ya ga dawowar MaMpinga ranar nan sai ya ɗauka yaƙi ta ciwo. Ranar Alhamis ta sa aka karanta takardar a gaban mata tun daga sama har hatimi, aka rangaɗa guɗa. Ta sa ta a leda ta adana a jakar hannunta. Ta bi ta ƙofar Nontsasa tana kaɗa jakar.

“Kin gani? Ban ba kowa haƙuri ba, kuma ga shi hukuma ta ba ni jikokina.”

Nontsasa ta busa hayaƙi ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Sisi. An ba ki kogi kyauta kin ƙi, kin je kin yi shari'a kin samo cokali guda.”

Daga nan duk Asabar ta farkon wata MaMpinga takan bi motar farko, tafiyar awa uku, da burodin tukunya da kwanon dafaffiyar masara da wake a cinyarta. Ɗakin da ake haɗa su ƙarami ne, da kujerun roba da agogo a bango. Zintle ba ta taɓa makara ba, ba ta kuma taɓa fashi ba. Za ta kawo yaran fes da su, ta rusuna ta ce, “Ina kwana, Mama,” ta koma gindin bishiya a waje ta jira.

Anga yakan yi rabin awa yana noƙewa kafin ya saki jiki. Sai ya hau cinyarta, ya ci burodi, ya ce a ba shi labarin tunkiyar nan mai baƙin kunne. Labari na tsakiya Misis Dyani za ta leƙo ta ce lokaci ya yi. Wata mai zuwa kuma sai a sake sabon noƙewa. Liyema kuwa takan gaida ta da ladabi, ta buɗe littafinta, in an tambaye ta ta ce e ko a'a. Abin yana yi wa MaMpinga ciwo ƙwarai, sau da yawa a motar komawa takan juya fuska wajen taga. Amma in ta sauka a ƙauye sai ta gyara hula ta ce wa duk wanda ta tarar, “Daga ganin jikokina nake, bisa doka.”

A Asabar ta goma sha biyu, saura kwata lokaci ya cika, Liyema ta rufe littafinta. Shekararta goma sha biyu a lokacin, kuma duk wanda ya dubi yadda take ɗaga haɓa ya san jinin wa ta ɗauko.

“Makhulu, kin iya lissafi?”

“Ji min 'ya! Wa ya riƙa ƙirga tumakin da suka kai ubanki kwaleji?”

“To awa biyu sau goma sha biyu nawa ne?”

“Ashirin da huɗu.”

“Kwana ɗaya ke nan. Shekara guda kina shan hanya, kwana ɗaya tak kika gan mu. Mama kuwa kullum ta ba ki.”

MaMpinga ta ɗaga kai ta dubi agogon bango.

Yarinyar ta ci gaba, “Na gaya wa Misis Dyani ba zan ƙara zuwa ɗakin nan ba, na gaji da kallon agogo. Ta ce alƙali zai ji ta bakina. Amma gobe Lahadi muna gida, Mama za ta dafa kaza. Na tambaye ta, ta ce ƙofa a buɗe take. Ki zo ki gaya min maganar nan ba gaskiya ba ce. Na san ba gaskiya ba ce, Makhulu. Daga bakinki nake so in ji.”

Ranar MaMpinga ba ta koma ƙauye ba, ta sauka a gidan wata 'yar cocinsu a unguwar. Washegari bayan an taso daga coci ta kama hanyar gidan Zintle, kuma ina shaida mata da niyya ta tafi. Tana tafiya tana maimaita maganar a ranta, har ta zaɓi kalmomin da za su fi sauƙin fita.

Tana isa bakin ƙofar waya Anga ya hango ta. Ya ƙwala ihu, “Makhulu! Makhulu ta zo gidanmu!” Ya zuro hannu ta tsakanin waya ya damƙe mata siket. Ƙamshin kaza ya cika wurin. Zintle ta fito tana goge hannu, ta buɗe ƙofar da kanta, ta rusuna.

“Sannu da zuwa, Mama. Shigo, gidan ɗanki ne.”

Liyema tana tsaye a bakin falo tana jira. A bayanta ana hango teburi, an jera faranti huɗu. Taku biyar ne tsakaninsu. Maganar ta zo wa MaMpinga har baki, idonta ya cika da ƙwalla, ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Sai ta lura da wata maƙwabciya a ƙetaren shinge, ta dakata da shanya tana kallo. Matar ba ta san ta ba, ba ta san ƙauyenmu ba, ƙila ma ba za su sake haɗuwa ba har abada. Amma ido ne, kuma MaMpinga ba ta taɓa sunkuyawa a gaban ido ba.

Ta mayar da ƙafarta. Ta dafa jakar hannunta ta ce, “A'a, ba shigowa zan yi ba, wucewa nake. Takardata Asabar ta ce. Yau kuwa Lahadi.”

Zintle ta ce, “Mama, don Allah.”

MaMpinga ta sunkuya ta ɓamɓare yatsun Anga daga siket ɗinta ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe ta gyara hula ta nufi tasha, kai a sama, yaron yana kuka yana kiranta. Sai da ta kai kwana ta waiwaya sau ɗaya. Ƙofar tana nan a buɗe, amma babu kowa a bakinta.

Da aka koma kotu, alƙali ya ji ta bakin Liyema ya ɗauke mata zuwa. Anga ya zo sau uku, amma da yake babu yayarsa, ba ya yarda ya shiga ɗakin, sai ya maƙale a ƙofa yana kuka, har Misis Dyani ta rubuta cewa tilasta shi ba alheri ba ne. Shekarar da ta biyo aka yi wa Zintle canjin wurin aiki zuwa Cape Town, kotu ta amince ta tafi da 'ya'yanta. Kafin su tashi ta aiko da sabon adireshi ta hannun Nontsasa, ta ce a gaya wa Mama can ma akwai ɗaki. MaMpinga ta ce ita ba ta san hanyar Cape Town ba.

Yau shekara shida ke nan. Tana nan da ranta, tumakinta sun haura tamanin, har yanzu ita ke jan waƙa ranar Alhamis. Zintle takan turo hotunan yaran a wayar Nontsasa: Liyema ta gama sakandare, Anga ya yi tsawo har ya kusa kamo uwarsa. Duk ranar da hoto ya iso, ban san yadda ake yi MaMpinga take ji ba, sai ga ta ta gangaro wai gishirinta ya ƙare. Nontsasa ta daina tsokanarta. Sai ta buɗe hoton, ta ajiye wayar a kan tabarma, ta ce bari ta dubo gishirin a ɗaya ɗakin. Takan daɗe a can da gangan, don ta san muddin tana wurin MaMpinga ba za ta duba ba.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Doka tana da amfaninta, kuma kakan da aka raba da jikokinsa ba gaira ba dalili yana da inda zai kai kukansa. Amma iyakar abin da kotu za ta iya ba ka shi ne rana da awa da ɗaki. Ba ta iya sa yaro ya yi ɗokin ganinka, kuma ba ta iya goge maganar da ka faɗa a kan uwarsa yana ji. Duk mai son jikokinsa ya mutunta wadda ta haife su, kada kuma ya mayar da al'ada igiyar ɗaure wanda ke ƙarƙashinsa. In ka yi kuskure, ka faɗa tun ƙofa tana buɗe, ko da wanda za ka faɗa wa bai kai ka shekaru ba. Ba da haƙuri ba ya rage wa babba komai, girman kai kuwa yana iya raba shi da abin da ya fi so a duniya.